Shin ɗauraye gashi da ruwan sama yana da amfani?

Tambayar ta zo ne daga wata baiwar Allah wadda aure ya kai ta unguwar da ruwan rijiyar burtsatse kaɗai ake samu. Ta ce tun da ta tare gashinta ya yi tauri, ya daina sheƙi, yana kakkaryewa wajen tsifa da taza, sabulu kuma ba ya kumfa kamar yadda ta saba a gidan iyayenta. Kakarta ta ba ta shawarar ta riƙa tarar ruwan sama tana ɗauraye kai da shi, domin a cewarta yana sa gashi laushi da tsawo. Tana son sanin ko maganar tana da tushe, ko akwai wata illa a ciki, da kuma yadda ya kamata ta yi.

Malama, maganar laushi gaskiya ce, kuma dalilinta sananne ne ga masu ilimin ruwa. Maganar tsawo kuwa ba ta da hujja, in ban da ta wata fuska guda da zan zo kanta a gaba. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, ruwan sama ba ya ɗauke da wani sinadari mai ciyar da gashi. Amfaninsa duka yana tattare ne da abin da babu a cikinsa, wato ma'adinan da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kwasowa daga duwatsu. Saboda haka gwargwadon yawan ma'adinan da ke cikin ruwan da kike wanka da shi kullum, gwargwadon bambancin da za ki gani, kuma wadda ruwan gidansu dama ba shi da su, ko ta shekara tana tarar ruwan sama da wuya ta ga wani canji. Alamomin da kika lissafa, musamman ƙin kumfar sabulu, suna nuna cewa ke kina cikin waɗanda za su amfana.

Ruwan da ya nutse cikin ƙasa yana daɗewa yana ratsa duwatsu da laka kafin injin burtsatse ya janyo shi, kuma a cikin wannan tafiyar yana narkar da ma'adinai, waɗanda suka fi damun mu a nan su ne kalsiyam da magnesiyam. Ana auna yawansu da miligiram a kowace lita. Ruwan da ke ƙasa da 60 ana lissafa shi a mai sauƙi, daga 60 zuwa 120 matsakaici, daga 120 zuwa 180 mai yawan ma'adinai, abin da ya haura 180 kuma ya kai matuƙa. Ruwan sama tururi ne da ya tashi ya bar gishiri da ma'adinai a baya, don haka abin da ke cikinsa na kalsiyam bai taka kara ya karya ba. Inda ƙasa take da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ko a Ashaka ta jihar Gwambe ana siminti da shi, ba abin mamaki ba ne a sami ruwan rijiya cike da kalsiyam, domin shi wannan dutsen kusan kalsiyam ne zalla a haɗe da kabon. Sai dai ba a yanke hukunci da sunan gari, saboda rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta idan zurfinsu ya bambanta, kuma wasu rijiyoyin abin da ke damunsu ƙarfe ne, shi ya sa za ki ga ruwan ya fito garau amma bayan ya kwana a bokiti ya koma ja-ja.

Rigimar tana farawa ne lokacin da wannan ruwan ya haɗu da sabulu. Sabulun salo da sauran sabulai na sanda ana yin su ne da mai da toka ko soda, kuma da zarar sun gamu da kalsiyam sai su haɗu su zama wani abu mai danƙo wanda ba ya narkewa a ruwa. Kin san shi, ko da ba ki san sunansa ba. Shi ne farin dattin nan da ke yawo gutsi-gutsi a saman ruwan baho bayan an gama wanka, shi ne kuma zoben toka-toka da ke kewaye bokiti a daidai inda ruwa ya tsaya, wanda in kika goga yatsa sai ki ji yana kamawa. Wannan abin da ya manne a bokiti, irinsa ne yake mannewa a kowane silin gashi. Ki duba haƙoran matajinki bayan kin taje kai kwana biyu da wankewa: idan kika ga wani abu fari-fari mai maiƙo ya taru a gindinsu, sau da yawa ba amosani ba ne, ragowar sabulu ne da ruwa ya daskarar. Sai an fara cinye kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan kafin kumfa ta tashi, shi ya sa mace take ta ƙara goga sabulu, tana ƙarawa kuma dattin yana ƙaruwa. Shamfu na kwalba ya fi jure irin wannan ruwan, domin sinadaran wankin da ke cikinsa ba sa daskarewa da kalsiyam kamar sabulu. Wannan ne ya sa matan da, waɗanda sabulun salo ne abin wanke kansu, suka fi na yanzu ganin bambancin ruwan sama ƙarara, kuma a nan ne shaidar kakarki ta samo ƙarfinta.

Ko babu sabulu ma, gashi da kansa yana kama kalsiyam. Kowane sili yana lulluɓe da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar ɓawon kifi. Idan sun kwanta gashi ya yi santsi ya yi sheƙi, idan sun tashi kuma silin ya riƙa sarƙe ɗan'uwansa. Gashin da aka sa wa rilaksa, ko aka rina, ko ya sha zafin abin busarwa, ɓawonsa ya riga ya raunana, kuma bincike ya nuna irinsa ya fi lafiyayyen gashi tsotsar kalsiyam da magnesiyam nesa ba kusa ba. Akwai ma wani abin da ba kowa ya sani ba: rilaksar da ake tallatawa a matsayin marar soda, wadda ake haɗa ruwa da kirim kafin a shafa, ita kanta da sinadarin kalsiyam ake yin ta, kuma tana barin sa a gashi. Wadda ta haɗa wannan da ruwan burtsatse mai yawan ma'adinai ta tara wa kanta abu biyu. Ga shi kuma gashinmu na baƙar fata murɗaɗɗe ne, man da fatar kai take fitarwa ba ya gangarowa cikin sauƙi har ƙarshen sili, don haka dama a bushe yake, kuma duk abin da ya ƙara masa kaushi a wajen taza ake biyan kuɗinsa.

Za ki ji ana cewa ruwan sama yana da ɗan tsami wanda ya dace da fatar kai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A ma'aunin pH, wanda 7 ce tsakiyarsa, ƙasa da ita tsami, sama da ita kuma ɓangaren kanwa, ruwan sama mai tsabta yana tsayawa a wajen 5.6 saboda iskar kabon da yake narkarwa a hanyarsa ta saukowa, fatar kai kuma tana wajen 5.5, yayin da sabulu yake kai wa 9 zuwa 10. Abu mai kanwa yana kumbura gashi ya ɗaga ɓawonsa, mai ɗan tsami yana taimaka masa ya kwanta. Amma ni ban cika ba wannan hujjar nauyi ba, saboda dalili biyu. Tsamin ruwan sama ba shi da ƙarfi, ɗan abu kaɗan ya shiga cikinsa sai ya gushe. Sannan a yankinmu na Sahel ƙurar da ke sama tana ɗauke da kalsiyam, kuma awon ruwan sama da aka daɗe ana yi a tashar bincike ta Banizumbu a Nijar ya nuna cewa wannan ƙurar tana kashe kaso mai yawa na tsamin tun ruwan bai iso ƙasa ba. Idan kuma aka zuba shi a tankin siminti, simintin zai ƙara tura shi ɓangaren kanwa. Rashin ma'adinai shi ne babban dalili, tsamin ƙari ne kawai idan an same shi.

Yanzu ga batun tsawo. Gashi daga saiwarsa yake tsirowa, can cikin fata, kuma jini ne yake ciyar da saiwar. Ruwan da aka zuba a waje, na sama ne ko na rijiya, ba ya isa can balle ya hanzarta ta. Gashin kai yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana abu ne na al'ada ga mai lafiya. Fuskar da na ce zan zo kanta ita ce ta karyewa: gashin da yake tsirowa ta gindi yana kakkaryewa ta baki zai zauna wuri ɗaya kamar ba ya girma, kuma idan laushi ya sa ya rage karyewa wajen taza, tsawon da dama yake yi zai bayyana. Har a nan ma sai an yi taka-tsantsan da magana, domin gwaje-gwajen da aka yi ba su zo da baki ɗaya ba. Wani da aka yi a Indiya a 2013, inda aka jiƙa gashi a ruwa mai yawan ma'adinai da kuma tataccen ruwa aka ja shi da na'ura har ya tsinke, bai sami bambancin ƙarfi ba, amma wani da aka yi a Pakistan a 2018 ya sami raguwar ƙarfi a gashin da ya sha ruwa mai ma'adinai. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne kaushi da dushewa da wahalar taza.

Don haka idan abin da ke faruwa da ke zubewa ce daga saiwa, wato kina ganin dogayen silai da ɗan farin kai a gindinsu, kada ki ɗora wa ruwa laifi ki zauna. Mace takan zubar da gashi sosai wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, kuma yakan dawo da kansa. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma suna zubar da shi, waɗannan kuwa sai an je asibiti an gwada jini. Idan kuma gaban goshi ne da gefen kunne suke ja da baya, to a tuhumi kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi kafin a tuhumi burtsatse, kuma wannan idan aka daɗe ana yi saiwar takan mutu, babu ruwan da zai tayar da ita.

Kafin ki wahalar da kanki, ki gwada ruwan gidanku. Ki sami gorar roba biyu masu haske, ki zuba ruwan burtsatse rabi a ɗaya, ruwan sama rabi a ɗayar, ki kankare sabulu daidai wa daida ki zuba a kowace, ki rufe ki girgiza. Wadda ruwanta yake da sauƙi za ta cika da kumfa mai daɗewa, ruwan ƙasanta kuma kusan garau. Mai ma'adinai kuwa kumfarta kaɗan ce, nan da nan ta mutu, ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Ki leƙa cikin butar da kuke dafa ruwan shayi ma: farin ɓawon da ya kama gindinta, wanda ake ɓamɓarewa da cokali, kalsiyam ne.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne wajen tara, domin ruwan da ya bar gajimare daban, wanda ya iso randa daban, kuma rufin gida ne a tsakaninsu. A Kano ko Katsina ko Damagaram rufi yakan yi wata shida zuwa bakwai bai ga ruwa ba. A cikin wannan lokacin ƙurar hunturu ta kwanta a kansa, tantabaru da ƙadangaru da jemagu sun yi kashi, hayaƙin janareta da na murhu ya sauka, ganye da leda sun toshe indararo, wani lokaci har da mushen ɓera. Ruwan farkon damina duk wannan yake wankowa, shi ya sa yake zubowa ja ko baƙi-baƙi da ƙarni, kuma bai dace da kai ba ko an tace shi. Ki bar ruwa biyu ko uku masu ƙarfi su wuce, a share indararo, sannan ki fara tara. Bayan haka ma, a kowane ruwa sai an bar na farkon ya zube, musamman idan an kwana biyu ba a yi ba. Lissafin yana da sauƙi: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin da ya kai murabba'in mita 60 yana zubo da lita 60 a kowace milimita. Masu harkar tara ruwa sukan ba da shawarar a zubar da milimita ɗaya zuwa biyu ta farko, wato jarka uku zuwa shida masu lita 20 a irin wannan rufin. A aikace, ki bari a yi minti goma zuwa sha biyar ana sheƙawa, ki tara a kofin gilashi ki ɗaga shi a haske, idan ya fito garau babu gari-gari sai ki kawo bokiti. Kada ki ji asarar na farkon, domin ruwa guda mai milimita 20 a wannan rufin ya haura lita dubu, ke kuma 'yan litoci kike nema.

Irin rufin ma abin dubawa ne. Kwano mai lafiya da na alminiyam su ne suka fi ba da ruwa mai kyau, kuma zafin rana a kansu yana kashe ƙwayoyin cuta da dama. Kwanon da ya ci tsatsa yana zubo da ƙarfe, wanda yake bushe gashi kuma yake canza launin wanda aka rina, sai ki ga kin gudu daga ma'adinin rijiya kin faɗa na rufi. Rufin da aka shafa wa kwalta don toshe yoyo, ko tsohon fenti mai ɓarewa, wanda yana iya ƙunsar dalma, a bar ruwansa ya tafi. Rufin ciyawa yana rina ruwa ya ba shi wari, na soron ƙasa kuma laka yake kawowa. Ga wadda kai kawai za ta ɗauraye, hanyar da na fi so ita ce a rabu da rufi gaba ɗaya: a ajiye baho mai faɗi, wankakke, a tsakar gida kan turmi ko tebur don kada ƙasa ta fantsamo ciki, nesa da bishiya da igiyar shanya, bayan ruwa ya kankama. Bahon da faɗin bakinsa ya kai santimita 60 zai tara fiye da lita biyar a ruwa mai milimita 20, kuma wannan ya ishi ɗauraya. A ajiye a koma ɗaki. Tsayawa a fili ana wanke kai ana tsawa da walƙiya ganganci ne.

Wurin da mutum yake zaune shi ma yana shiga lissafi. Wadda take kusa da masana'antu, ko babban titi mai cunkoso, ko inda ake ƙona tayoyi da bola, ruwan samanta yana wanko hayaƙin wurin. Mazauna Fatakwal sun san wannan tun daga 2016, lokacin da baƙin toka ya fara sauka a kan rufi da tufafi. A ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya kuma, irin na Anka da Bukkuyum a Zamfara inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, ƙurar da ke kan rufi tana iya ɗauke da dalma. Ba ta cika ratsa fata ba, amma ruwan da aka ajiye a gida da sunan wanke kai, yaro ba ya tambaya kafin ya sha. Labarin da ya bazu a 2022 kuwa, na binciken Jami'ar Stockholm da ya sami wasu sinadaran masana'antu masu daɗewa a ruwan sama ko'ina a duniya, magana ce a kan shan ruwan tsawon rayuwa, kada ya tsorata mai ɗauraye kai.

Sai ajiya. Mazubin ya kasance wanda abinci ko ruwa kawai ya taɓa zama a ciki. Duron da aka zuba fetur, ko maganin feshi, ko wani sinadarin da ba a san shi ba, wanki ba ya fitar da abin da robarsa ta tsotsa. Ya kasance mai duhu, domin hasken rana shi ke tsirar da gansakuka, kuma ya kasance da murfi mai kamawa sosai. Murfin nan ba don gashi kaɗai ba ne. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara ya fi son ruwa mai tsabta da aka tara a mazubi, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne kawai. Akwai kuma wani sauron maleriya ɗan asalin Asiya da ke hayayyafa a tankuna da durorin cikin gari, wanda aka fara gani a Jibuti a 2012, aka kuma tabbatar da shi a jihar Gwambe a 2020. Bai kamata neman laushin gashi ya zama kiwon sauro a ƙofar ɗaki ba. Ki tace ruwan da farin ƙyalle mai tsabta wajen zubawa, ki bar shi ya kwana ya kwanta, ki riƙa ɗiba daga sama da moɗa mai tsabta. Duk ranar da kika buɗe kika ji wari, ko kika ga ya yi kore, ko bangon mazubin ya yi yauƙi, ko ga tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil, ki zubar a gindin shuka ki wanke mazubin.

Wani zai ce ai ruwan sama mai tsarki ne, Alƙur'ani ma ya siffanta shi da haka a aya ta 48 ta Suratul Furƙan. Haka ne, kuma babu saɓani cewa ana alwala da wankan tsarki da shi. Sai dai malaman fiƙihu da kansu sun yi bayanin ruwan da najasa ta canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi, kuma a ɓangaren lafiya ruwa yana iya zama garau babu wari alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da suka fito daga kashin tsuntsu. Ga lafiyayyar fata wannan ba babbar barazana ba ce, tunda fata katanga ce. Amma idan akwai ƙuraje ko gyambo a kai, ko rilaksa ta ƙona fata, ko kitso ya tayar da ƙananan ƙuraje a layin tsaga, ko kan jariri za a wanke, ko mai ciwon da ya raunana garkuwar jiki, to a tafasa ruwan ya yi minti guda yana tafarfasa, a bar shi ya huce. Tafasawa ba ta rage masa komai na amfaninsa. Kuma kada a sa ran ya yi magani: amosani yana da alaƙa da wani naman gwari da ke rayuwa a maiƙon fatar kai, shamfu mai ketokonazol ko makamancinsa ne yake kwantar da shi, makero a kan yaro kuma sai da maganin sha na makonni daga likita. Camfin da ake yi cewa ruwan sama yana sa ƙwarƙwata shi ma ba shi da tushe, domin daga kai zuwa kai take yaɗuwa, ko ta mataji da ɗankwali.

Wajen amfani, idan ruwan ya wadata, ki yi wankin duka da shi tun daga jiƙawa, domin dattin sabulun nan a lokacin wanki yake haɗuwa, kuma hana shi samuwa ya fi ƙoƙarin ɗauraye shi daga baya. Idan kaɗan ne, ki wanke da na burtsatse da shamfu maimakon sabulu, ki matse ruwan, sannan ki bi da lita biyu zuwa uku na ruwan sama a hankali, kina buɗe gashin kashi-kashi da yatsu don ya ratsa har fata. Ki rage yawan sabulun da kika saba, saboda a ruwan sama ɗan kaɗan yana cika kai da kumfa. Za ki ji gashin yana santsi kamar sabulu bai fita ba, har ki yi ta ƙara ruwa. Yawanci ya fita, ƙaras-ƙaras ɗin da kika saba ji da shi kina ɗauka tsabta ce, dattin kalsiyam ne. Masu wanke kai da karkashi ko garin ganyen magarya su ma za su iya jiƙa shi da ruwan sama, sai dai kada a sa kanwar da wasu ke jefawa a ciki. Kada kuma ki yi tsammanin canji a wanki ɗaya, domin abin da ya taru a watanni ba ya fita rana guda, kuma ruwan sama yana hana sabon taruwa ne fiye da yadda yake cire tsohon.

Akwai abu guda da yake ɓata wa mata da yawa wannan aikin a damina, wato rufe kai da danshi. Gashi mai cika, balle wanda yake a kitse, yana iya wuni cikinsa bai bushe ba, kuma idan aka ɗaura ɗankwali aka ɗora hijabi a kai, zafi da laima sun haɗu, sai wari da ƙaiƙayi su biyo baya, a ce ruwan sama ne ya jawo. Ki wanke da hantsi, ki tsane da tawul ta hanyar dannawa ba gogawa ba, ki shafa man kaɗanya ko na kwakwa kaɗan tun da sauran laima don ya riƙe ta a cikin silin, ki taje da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa gindi, sannan ki bar shi ya sha iska a cikin gida har fatar ta bushe.

Damina wata huɗu ce ko biyar, don haka dole a yi maganar rani. Wadda take ɗauraya da lita uku sau ɗaya a mako tana buƙatar lita 90 a mako 30, wato duro guda mai lita 200 da aka cika a watan Agusta ko farkon Satumba, lokacin da rufi da sama suka wanku, zai kai ta wata daminar idan yana rufe a inuwa, kuma ruwan da ya daɗe haka gara a tafasa abin da za a yi amfani da shi. Idan babu halin wannan, tafasa ruwan burtsatsen kansa yana sauke wani kaso na kalsiyam, wanda shi ne ɓawon cikin buta. A bar shi ya huce ya kwanta a tsiyaye na sama, ko da yake ba kowane irin ma'adini ne tafasawa take saukewa ba, kuma ba ta cire zartsin gishiri. Abin da ya fi wannan tasiri a kan wanda ya riga ya manne shi ne ɗauraya da ruwa mai ɗan tsami: cokali ɗaya ko biyu na ruwan lemun tsami ko khal a cikin lita ɗaya, a zuba bayan wanki, a bar shi minti biyu ko uku, a ɗauraye, sau ɗaya a mako biyu. Kada a zuba shi tsagwaronsa, kada a sa a kan rauni, kuma a wanke wanda ya gangaro goshi da wuya, domin lemun tsami a fata idan ya haɗu da rana yana iya ƙona ta ya bar tabo. Akwai kuma shamfun da aka yi musamman don cire ma'adinai, za ki ga an rubuta EDTA a jerin abubuwan da ke cikinsa, kuma sau ɗaya a wata ya isa, a bi shi da kwandishina saboda yana busarwa. Kanwa da hodar soda ta girki (baking soda) kuwa, gaskiya ne suna sa ruwa mai ma'adinai ya yi kumfa, shi ya sa suke da amfani a wankin tufafi, amma a kai suna kumbura gashi su ɗaga ɓawonsa, kuma wadda gashinta yake da rilaksa ita ce za ta fi jin jiki.